Gidan Shehu Usmanu: makarantar da hijira da yaƙi ba su rufe ba

Duk wanda ya tashi a Sabon Birni ko Isa ya san labarin Alƙalawa, tsohon babban birnin Gobir wanda kufansa ke nan kusa da gulbin Rima. Yaranmu sun san sunan Bawa Jan Gwarzo da Nafata da Yunfa, sun kuma san birnin ya faɗa hannun jama'ar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a shekarar 1808. Abin da ba mu cika gaya musu ba shi ne yadda Shehu ya riƙe gidansa, da irin 'ya'yan da gidan ya fitar. A yau jikokin waɗanda suka fuskanci juna a wancan zamani sahu ɗaya suke bi a masallaci, auratayya ta haɗa su, masifa ɗaya kuma ke damun su. Saboda haka labarin wannan gida gadonmu ne baki ɗaya.

An haifi Shehu a Marata cikin ƙasar Gobir a 1754, ya girma a Ɗegel, ya fara wa'azi yana ɗan shekara ashirin. Tun farko ya ɗauki karantar da iyali a matsayin farilla a kan maigida. A littafinsa Nurul Albab ya zargi malaman da ke tara almajirai a zaure safe da yamma alhali matansu da 'ya'yansu mata suna cikin gida ba su san hukuncin tsarki da salla ba. A lokacin rangadinsa na Zamfara, wani malami mai suna Mustafa Gwoni ya soki yadda mata ke halartar majalisinsa. Shehu ya umarci ƙaninsa Abdullahi ya ba shi amsa, amsar kuwa tana nan cikin Tazyinul Waraƙat. Taƙaitawarta ita ce ana keɓe wa mata wurin zamansu, kuma barin su cikin jahilci ya fi fitowarsu neman ilimi illa.

Abin da ya faɗa a waje shi ya aikata a cikin gida. Babbar 'yarsa Hadiza ta yi zurfi a fiƙihu har aka san ta da mayar da Mukhtasar na Halilu zuwa Fulatanci, ita ce kuma mahaifiyar Abdulƙadir ɗan Tafa, marubucin Raudatul Afkar. Muhammadu Sambo ya shahara da zuhudu da tarbiyyar zukata. Muhammadu Bello, wanda aka haifa a 1781, ya yi karatu a hannun mahaifinsa da baffansa Abdullahi, ya kammala Infaƙul Maisur a 1812, ya bar rubuce-rubuce a kan shugabanci da fiƙihu da magani. Uku daga 'ya'yan Shehu sun zama Sarkin Musulmi: Bello daga 1817 zuwa 1837, Abubakar Atiku daga 1837 zuwa 1842, sai Ahmadu Rufa'i daga 1867 zuwa 1873. Autansa Isa Mai Kware, da aka haifa bayan rasuwar Shehu, ya taso a hannun 'yan'uwansa har ya zama mai fassara waƙoƙin mahaifinsa zuwa Hausa.

Amma a rayuwar Nana Asma'u ne tsarin gidan ya fi fitowa fili. An haife ta a Ɗegel wajen 1793, tagwaye ne ita da Hasan. Bisa al'ada Husaina ya kamata a kira ta, sai Shehu ya raɗa mata sunan Asma'u 'yar Sayyadina Abubakar, Allah ya yarda da su. Mahaifiyarta Maimuna ta rasu tana ƙarama ƙwarai, sai matan ubanta A'isha da Hauwa, mahaifiyar Bello, suka riƙe ta. Marainiyar da ta taso a hannun kishiyoyin uwarta ita ce ta haddace Alƙur'ani, ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa. Ya kamata gidajenmu masu mata fiye da ɗaya su tsaya a nan su auna kansu.

Tana da kimanin shekara goma aka yi hijira daga Ɗegel zuwa Gudu a watan Fabrairu na 1804, littattafan Shehu suna bayan raƙuma. Shekarun da suka biyo baya na yaƙi ne da yunwa da cuta da sauya sansani. A Tsuntsuwa, kusa da Alƙalawa, an rasa mahaddata Alƙur'ani masu yawa a rana guda. Duk da haka karatu bai tsaya ba, domin a tsakiyar wannan ƙunci ne Shehu ya kammala Bayanu Wujubil Hijra a 1806, yaran gidansa kuma suna ɗaukar darasi a duk inda aka sauka. Bayan ta auri Giɗaɗo ɗan Laima, wanda ya zama Waziri, Asma'u ta kafa tsarin 'Yan Taru: tana zaɓen mace dattijuwa a ƙauye, ta naɗa ta jaji, ta ba ta malfa, ita kuwa jaji ta riƙa kawo mata ɗaukar karatu, su koma da waƙoƙin koyarwa a ka su yaɗa a gidaje. Da ta rasu a 1864, ƙanwarta Maryam ta ci gaba da aikin.

Mun kawo wannan tarihi ne saboda halin da yankinmu ke ciki. 'Yan bindiga sun tashi ƙauyuka da dama a ƙananan hukumomin Sabon Birni da Isa, wasu iyalai sun taru a cikin gari, wasu sun tsallaka jihar Maraɗi. Makarantun allo da na Islamiyya da na boko sun watse a wurare masu yawa, kuma 'ya mace ce ake fara cirewa daga karatu idan gida ya shiga matsi. Samar da tsaro nauyi ne a wuyan hukuma, ba za mu daina tuna mata ba. Amma yaron da ya bar gida yana shekara bakwai, yau ya kai sha biyu bai san Fatiha da kyau ba, shekarunsa ba za su jira ranar da zaman lafiya zai dawo ba. Daga irin waɗannan yara ne kuma ɓata-gari ke samun masu ɗaukar musu bindiga.

Abin da muke roƙo yana cikin ikonmu. Kowane maigida ya ware lokaci tsakanin Magariba da Isha'i ya zauna da iyalinsa, ko da sura ɗaya ce da babin alwala. Limamai su ƙidaya yaran 'yan gudun hijirar da ke unguwarsu, su buɗe musu shirayin masallaci ba tare da kuɗin Laraba ba. A nemi matan da suka yi sauka ko suka karanta Ahalari da Ishmawi, a ba kowacce gidaje biyar ko goma ta riƙa zagayawa kamar yadda jajis suka yi. Masu hali su sayi allo da tawada da littafi, su biya kuɗin makarantar marainiya ɗaya.

Allah ya jiƙan Shehu da iyalansa da magabatanmu baki ɗaya, ya mayar da kowane ɗan gudun hijira gidansa lafiya, ya shiryar mana da zuriya. Amin.