Erwin Rommel: aikin soja da abin da sunayen lambobinsa ke faɗa

Sunan muƙami ko na lambar yabo yakan ɗauke da tarihin masu ba da shi. Rayuwar Erwin Rommel, hafsan Jamus da ya fi kowa suna a yaƙin Arewacin Afirka, ta isa misali ga mai nazarin harshe.

An haifi Rommel ranar 15 ga Nuwamba 1891 a Heidenheim, cikin masarautar Württemberg. Mahaifinsa malamin makaranta ne. Ya shiga soja a 1910, ya zama ƙaramin hafsa a 1912. A Yaƙin Duniya na Farko ya fafata a Faransa da Romaniya da Italiya, ya samu lambar Eisernes Kreuz, wato gicciyen ƙarfe, aji na biyu a 1914, aji na ɗaya a 1915. A Oktoba 1917, lokacin gwabzawar Caporetto, ya kama dutsen Matajur da ƴan tsirarun mayaƙa, ya kuma kama dubban sojojin Italiya. Da farko wani hafsa aka saka wa a kan wannan nasara, Rommel ya kai ƙorafi, kuma a Disamba 1917 aka ba shi Pour le Mérite.

Wannan suna faransanci ne, ma'anarsa "domin cancanta". Sarki Frederick na Biyu na Prussia ya ƙirƙiro lambar a 1740, zamanin da faransanci ne harshen fadarsa. Saboda haka hafsoshin da suka yi shekara huɗu suna yaƙar Faransa sun rataya babbar lambarsu da rubutun harshen abokan gaba. Martabar da harshe ya samu a fada takan daɗe bayan siyasa ta sauya.

A 1937 Rommel ya wallafa littafinsa na dabarun yaƙi, Infanterie greift an, wanda ya jawo hankalin Hitler. Ya shugabanci dakarun da ke tsaron Hitler, sa'an nan a Fabrairu 1940 aka damƙa masa runduna ta bakwai ta tankokin yaƙi. Saurinta a mamayar Faransa ya sa aka laƙaba mata Gespensterdivision, rundunar fatalwa. A Mayu 1940 ya samu Ritterkreuz, gicciyen barde, matakin da gwamnatin Nazi ta ƙara wa gicciyen ƙarfe a 1939.

Daga nan sunan lambar ya riƙa tsawo. A Maris 1941, bayan saukarsa Libiya a kan rundunar Afrika Korps, aka ƙara mit Eichenlaub, da ganyen itacen oak. A Janairu 1942 aka ƙara Schwertern, takubba. A Maris 1943 aka ƙara Brillanten, lu'ulu'u, matakin da mutum 27 kaɗai suka taka. Kowane ƙari kalma ce da ake liƙawa a bayan ta farko, har sunan ya zama jerin matakan daraja. Abin lura shi ne lu'ulu'un ya zo bayan Montgomery ya karya Rommel a El Alamein a Nuwamba 1942, a daidai lokacin da aka janye shi daga Afirka. Lambar ta yi wa farfagandar gwamnati aiki fiye da yadda ta auna nasara.

Muƙaminsa mafi girma, Generalfeldmarschall, ya same shi ne a Yuni 1942 da faɗuwar Tobruk. Tushen Marschall kalmomi biyu ne na tsohon jamusanci: marah, doki, da scalc, bara. Mai kula da dawaki ne ya hau har ya zama shugaban mayaƙa. Bahaushe ba zai yi mamaki ba, domin sarautar Madawaki daga dawaki ta samo suna. Laƙabinsa na Wüstenfuchs kuwa yana jefa mai fassara cikin zaɓi: yanyawa ce ta fi kusa da dabbar, amma dila ne ke ɗauke da ma'anar wayo a tatsuniyoyinmu.

Ƙarshensa ya nuna abin da lambobi ke ɓoyewa. Jirgin sama ya raunata shi a Normandi ranar 17 ga Yuli 1944. Bayan yunƙurin kashe Hitler na 20 ga Yuli aka ambaci sunansa, aka ba shi zaɓi tsakanin kotu da guba. Ya sha gubar ranar 14 ga Oktoba 1944 a Herrlingen. Gwamnati ta ce raunukansa ne suka kashe shi, ta yi masa jana'izar ƙasa a Ulm.

Har yau wani babban barikin sojan Jamus a Augustdorf na ɗauke da sunansa, kuma muhawara ba ta ƙare ba. Masanin tarihi Raffael Scheck ya bi diddigin kisan da sojojin Jamus suka yi wa fursunoni baƙar fata a Yuni 1940, dakarun da Faransa ta ɗiba daga Afirka ta Yamma. An danganta wani ɓangare na kisan, a yankin kogin Somme, ga rundunar da Rommel ke jagoranta. Mai fassara Ritterkreuz da "lambar jarumta" ya kamata ya tuna cewa kalmar Hausa tana yabo, alhali mai ba da lambar gwamnatin Nazi ce.