HAƘORIN ƊAN TALAKA: ME YA SA YA FI SAURIN ZUBEWA?

Duk wanda ya bi ta unguwar Dogo Tebo, a garin Potiskum ta Jihar Yobe, lokacin tashi daga makaranta, zai tarar da samari da 'yan mata sun yi dafifi a gaban masu tebur, wannan ya sayi alewa, wancan minti ko lemun kwalba. Ɗan mai hali da ɗan talaka duk suna shan zaƙi. To amma in haƙori ya tashi ciwo, nan ne hanyarsu take rabuwa.

Yadda abin yake, ba tsutsa ce take cin haƙori ba kamar yadda wasu suke zato. Ƙwayoyin cuta ne da ke cikin baki suke cin sukarin da ya maƙale, su fitar da tsami, shi kuma tsamin ya riƙa zaizaye haƙori har ya yi kogo. Wajen shekara 12 zuwa 13 yaro ya gama famfara, watau haƙoran da ke bakinsa su ne na har abada. Wanda ya fita ba ya dawowa.

Ɗan mai hali, da kogo ya fara, sai a kai shi asibiti a cike masa, shi ke nan. Ɗan talaka kuwa sai a ce ya kurkure da ruwan gishiri, ko ya cusa kanumfari, ko a sayo masa ƙwaya a kemis. Zafi ya lafa, amma kogo yana nan yana zurfi. Ba za a nufi asibiti ba sai kumatu ya kumbura, yaro ya kwana uku bai runtsa ba, ya bar makaranta ko tallan da ake ci da gida da shi. A lokacin kuwa sau da yawa cirewa ce ta rage, ita ce kuma ta fi araha.

Ba Potiskum kaɗai ba. A rahotonta na shekarar 2022, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce wajen mutum biliyan 3.5 ne suke fama da ciwon baki da haƙora, kuma uku cikin huɗu suna ƙasashe matalauta da masu matsakaicin hali. Mafi munin abin da talauci yake jawo wa baki shi ne cutar noma, mai cinye kumatun ƙananan yara masu tamowa. Tun 1999 akwai asibitinta a Sakkwato, a watan Disamba na 2023 kuma hukumar ta sa ta cikin jerin cututtukan da duniya ta yi wa sakaci.

To mene ne abin yi? Rigakafi dai ya fi magani, kuma ya fi sauƙin kuɗi. A goge baki safe da dare da man goge baki mai sinadarin fuloraid. In babu, aswakin da muka gada ya fi zama haka nan nesa ba kusa ba. A rage tsotsar alewa a kai a kai, don yawan maimaitawar ya fi ɓarna. Iyaye su riƙa duba bakin 'ya'yansu, da sun ga ɗigon baƙi ko dasashi yana jini su garzaya asibiti.

Hukuma kuma ta tura ma'aikatan haƙori makarantu, har da na allo, ko da sau ɗaya a shekara. Garin da ya shahara da kasuwar shanu a duk Afirka ta Yamma bai kamata 'ya'yansa su kasa tauna nama tun suna samari ba.