Wa ke tantance hanya kafin saƙo ya bi ta a intanet?

A ranar 12 ga Nuwamban 2018, mutane da dama a sassan duniya sun shafe fiye da sa'a guda suna neman ayyukan Google ba su samu ba. Saƙonninsu sun karkata ta Rasha da Sin, suka maƙale a can. Daga Legas abin ya taso. Kamfanin MainOne, wanda ke musayar bayanai da Google a mahaɗar intanet ta Najeriya, wato IXPN, ya yi kuskure yayin sabunta na'urorinsa, ya shelanta wa China Telecom cewa ta wajensa ake bi a isa Google. China Telecom bai tace ba, ya karɓa ya yaɗa wa duniya.

Kuskuren kamfani ɗaya ya yi wannan nisan ne saboda a kan yarda aka gina BGP, tsarin da cibiyoyin sadarwa ke sanar da juna hanyoyi da shi. Kowace cibiya na da lambar shaidarta da rukunin adireshinta. Takan ce wa maƙwabciyarta "ta nan ake zuwa waje kaza", ita kuma ta isar gaba. A asalin tsarin, babu mai cewa a kawo hujja.

A mahaɗa irin IXPN, wadda aka kafa a 2006, mai rassa har Abuja da Kano, cibiyoyi da yawa ne ke haɗuwa a wuri guda. Idan cibiyoyi 100 za su ƙulla zama kowace da kowace, sai an yi haɗi 4,950. Shi ya sa ake ajiye na'ura a tsakiya, sabar hanyoyi: kowa ya faɗa mata hanyoyinsa sau ɗaya, ita ta rarraba wa sauran. Aikinta irin na dillali ne, tana haɗa mai kaya da mai saye amma ba ta ɗaukar kayan. Ko lambarta ba ta sakawa cikin jerin cibiyoyin da hanya ta ratsa. Sai dai duk ƙaryar da ta wuce ta hannunta, kowa za ta riska a lokaci guda.

A nan rajista ta shigo. Tun 1998 aka fitar da RPSL, salon rubutu na musamman da cibiya ke bayyana manufarta da shi: ga adireshina, ga lambar da ke da izinin shelanta su, ga abokan cinikin da nake ɗaukar hanyoyinsu. Ana ajiye wannan a rumbuna irin na AFRINIC da ke Mauritius, na RIPE a Turai, ko RADb a Amurka. Lokaci-lokaci manhajar mahaɗa takan ɗebo bayanan, ta warware jerin abokan cinikin kowane mamba, ta gina masa matatarsa, ta ɗora wa sabar, wadda galibi ke aiki da manhajar BIRD ko OpenBGPD. Da hanya ta iso sai a duba: lambar farko ta wanda ya kawo ta ce? Adireshin na cikin jerinsa? Ba irin adireshin cikin gida ba ne da bai kamata ya fito fili ba? Wadda ta faɗi, ba za a isar da ita ga kowa ba.

Inda gizo ke saƙa shi ne, na'ura ba ta san gaskiya ba, abin da aka rubuta ta sani. Rumbunan cike suke da tsoffin bayanai na kamfanonin da suka rufe ko suka sayar da adireshinsu, wasu kuma sun daɗe suna karɓar rubutu ba tare da tsananta bincike ba. Don toshe wannan aka kawo RPKI, inda mai adireshi ke sa hannu na lantarki a kan shaidar wanda ya yarje wa shelanta su. Sabar na jefar da duk hanyar da ta saɓa wa shaidar. Kwacen da Pakistan Telecom ya yi wa adireshin YouTube a 2008, irinsa wannan tsari ke kamawa.

Amma ba zai kama na Legas ba, kuma wannan ne abin da nake ganin ake yawan tsallakewa. A 2018 ba wanda ya ce shi ne Google. Sunan mai adireshi daidai yake, wanda ya isar da hanyar ne ba shi da hurumi. Abin da zai tare ta shi ne tsohuwar matatar nan ta jerin abokan ciniki, a ƙofar China Telecom. Ana ƙera wani ƙari mai suna ASPA domin wannan giɓi, amma bai karaɗe duniya ba tukuna.

Saboda haka nauyin na kan injiniyan ƙaramin kamfanin intanet, na jami'a, na banki. Duk wanda ya karɓi sabon rukunin adireshi bai shigar da shi rajistar AFRINIC ba, sabar da ke tacewa za ta ƙi hanyarsa, saƙon da ya kamata ya tsaya cikin gida ya koma bin layin da ake biya da dala.