Doki da Ciwon Damuwa: Abin da Mai Juna Biyu Ya Kamata ta Sani

Uwargida, idan kin wayi gari barci ya ƙaurace miki, gabanki na yawan faɗuwa, kuka na zuwa miki ba dalili, kada ki ɗauka laulayin ciki ne kawai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ƙasashe masu tasowa kusan mace 1 cikin 5 na fama da matsalar ƙwaƙwalwa bayan haihuwa, galibi ciwon damuwa, kuma sau da yawa tun da cikin yake farawa. Wadda ta taɓa yin ɓari, ko ta sha wahalar naƙuda, ko ta ga haɗarin mota a hanyar Kano zuwa Zariya, ko aka taɓa sace wani nata a yankin dajin Falgore, ta fi kusa da shi.

A Turai da Amurka akwai masana da ke haɗa mai irin wannan ciwo da doki. Mu nan doki ba baƙo ba ne. Daga Bebeji har Doguwa, wa bai san dawakin hakimi ranar hawan salla ba? Sai dai wannan aikin ba na kilisa ba ne, yawanci ma ba a hawa. Mara lafiya zai tsaya kusa da dokin, ya shafa shi, ya goge masa jiki, ya ja shi da igiya, ga ma'aikacin lafiya yana lura. Doki dabba ce mai saurin tsorata. In ka zo masa a firgice sai ya ja baya, in ka sassauta numfashi ka natsu, shi ma sai ya sake. Da haka mutum ke ganin halin zuciyarsa a jikin dabbar, ya koyi kwantar da ita. Wanda ya kasa buɗe baki gaban likita kan sami sauƙin magana hannunsa na kan wuyan doki.

A shekarar 2021 masana daga Jami'ar Kolombiya ta Amurka sun fitar da sakamakon gwaji kan tsofaffin sojoji 63 masu fama da firgicin yaƙi. Bayan mako 8, kimanin rabinsu sun sami sauƙi sosai. Amma ki lura, sojoji ne ba masu ciki ba, kuma ba a kwatanta su da waɗanda ba a yi wa komai ba. Don haka taimako ne, ba ya maye gurbin magani.

Mai ciki kada ta hau doki, ko da mai sanyin hali ne. Faɗowa ko harbi a ciki na iya ɓalle mabiyiya, jini ya ɓarke, a rasa jariri. Kashin doki kuma na iya ɗauke da ƙwayar cutar sarƙewar haƙora, saboda haka ki tabbata an yi miki allurar rigakafinta wajen awo. In akwai doki a turke a gidanku kuma zama kusa da shi na sanyaya miki rai, ki tsaya ta gefen kafaɗarsa, ban da bayansa, mai kula da shi na riƙe, ki wanke hannu da sabulu bayan nan.

Maigida da uwar miji, in damuwar ta wuce mako 2, ko ta daina cin abinci, ku kai ta asibiti mafi kusa. Daga can ana iya tura ta Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ko asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau. In ta ambaci cutar da kanta ko jaririn, a kai ta a ranar, kada a bar ta ita kaɗai.