Takardar da Goggo ta ƙi dangwala wa hannu

Shekara biyu goggona tana fama da ciwon kai a Mahuta kafin wani ya ambaci ƙwaƙwalwa. Ciwon ya fi tsananta da asuba, wani lokaci har da amai. An ce hawan jini ne, an ce taifod ne, an ce ido ne, har tabarau aka yanka mata. Da ta fara mantuwa, tana zuba gishiri sau biyu a miya, tana yi wa jikoki faɗa ba gaira ba dalili, sai magana ta koma kan iska da sammu. Ni kaina da nake aikin jinya ban kawo ƙari a raina ba, sai ranar da ta faɗi tana jijjiga a tsakar gida, alhali ta haura hamsin ba ta taɓa farfaɗiya ba.

A asibitin koyarwar da aka tura mu, hoton MRI ya nuna ƙari a cikin kai, yana danne jijiyar ido. Likitoci suka ce sai tiyata. Ana saura kwana biyu, wata ƙaramar likita ta zo da takardu iri biyu. Ɗaya ta amincewa da tiyata ce. Ɗayar kuma ta bincike ce: suna neman izinin rubuta bayanan ciwon Goggo, su kuma ajiye ɗan guntun ƙarin da za a cire domin nazari.

Mijinta, wanda muke kira Baba, kalmar bincike kawai ya ji. Ya jawo ni waje, ya ce: "Ke 'yar nan, faɗa mini tsakaninki da Allah. Irin abin da aka yi wa yaran Kano za a yi da ita? In haka ne, tattara mata kayanta mu koma gida."

Saura ƙiris mu bar asibiti da ƙari a kan Goggo, saboda takardu biyu sun cakuɗe a zuciyar Baba.

Tsoron yana da tushe

Ban ga laifin Baba ba. A 1996, lokacin da annobar sanƙarau ta mamaye Arewa, kamfanin Pfizer ya gwada wani magani mai suna Trovan a asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano. Yara 200 aka saka a gwajin, kimanin rabi aka ba su Trovan, saura aka ba su wani magani da aka riga aka sani. Yara 11 sun rasu. Iyaye sun ce ba a bayyana musu cewa gwaji ake yi ba, kamfanin kuma ya musanta aikata ba daidai ba. An daɗe ana shari'a a Najeriya da Amurka, sai a 2009 aka yi sulhu da gwamnatin Kano kan dala miliyan 75.

Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Amma gudun ma yana da nasa haɗarin, domin akwai masu tsere wa magani gaba ɗaya suna zaton bincike suke tsere wa.

Bayan abin da ya faru a Kano, dokoki sun ƙara tsauri. A 2007 kwamitin ƙasa mai kula da ɗa'ar binciken lafiya, NHREC, ya fitar da ƙa'idojin da kowane mai bincike zai bi. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta wajabta samun amincewar mutum a rubuce, bayan an sanar da shi manufar binciken da abin da zai iya biyo baya. Gwajin sabon magani kuma sai da sahalewar hukumar NAFDAC, sannan sai kwamitin ɗa'a ya duba tsarin kafin a tunkari majinyaci ko ɗaya.

Bincike iri-iri ne

Abin da na fara fahimtar da Baba shi ne, bincike ba duka ya zama gwajin magani ba. Akwai na tattara bayanai: shekarun majinyaci, alamomin da ya zo da su, tsawon lokacin da ya ɗauka kafin ya iso, irin ƙarin, da yadda ya kasance bayan tiyata. Akwai na nazarin tsokar da aka riga aka cire ko jinin da aka ɗiba. A irin waɗannan ba a ba mutum sabon abu ya sha. Irinsu aka nemi Goggo ta shiga.

Sai kuma gwajin magani ko sabuwar hanyar jinya, wanda yake da matakai. A mataki na 1 mutane kaɗan ake ɗauka, a gano adadin da jiki zai iya ɗauka da illolinsa. A mataki na 2 a duba ko yana taɓa cutar. A mataki na 3 ake kwatanta shi da maganin da ake da shi, a kan ɗaruruwan mutane, kwamfuta ce kuma take raba su rukuni-rukuni kamar ƙuri'a, don kada son ran likita ya shiga. Wani lokaci akan ba rukuni ɗaya ƙwaya mai kama da maganin amma ba komai a cikinta. Ƙa'ida ba ta yarda a hana majinyaci ingantaccen maganin da yake buƙata saboda haka ba, kuma wajibi ne a faɗa masa tun farko cewa akwai irin wannan rukunin.

Me binciken ya taɓa haifarwa?

Akwai wani mugun ciwon dajin ƙwaƙwalwa da likitoci ke kira giliyobilastoma. A 2005 aka wallafa sakamakon wani gwaji da Dakta Roger Stupp ya jagoranta, da majinyata 573, galibinsu a Turai da Kanada. Rukuni ɗaya gashi kawai aka yi musu bayan tiyata, ɗayan aka haɗa musu gashi da ƙwayar temozolomide. Matsakaicin tsawon rayuwa ya tashi daga wata 12.1 zuwa wata 14.6. Bayan shekara biyu, kimanin mutum 26 cikin 100 na masu shan ƙwayar suna raye, a ɗaya rukunin kuwa kimanin 10 ne. Har yau wannan tsari ake bi a duniya.

Ku lura da girman ribar: wata biyu da rabi a matsakaici. Haka ci gaban yake zuwa, sannu-sannu. Duk wanda ya ce muku shiga gwaji zai warkar da ɗan'uwanku tabbas, ku yi hattara da shi.

A 2023 an fitar da sakamakon wani gwajin, na maganin vorasidenib, a kan mutum 331 masu wani ƙari mai tafiyar hawainiya da ke ɗauke da sauyin ƙwayar halitta da ake kira IDH. Masu shan maganin sun kai matsakaicin wata 27.7 kafin ƙarin ya ci gaba, waɗanda ba su sha ba wata 11.1. Amurka ta amince da maganin a Agustan 2024. Sai dai kafin a ba mutum shi, sai an auna ƙarinsa an ga yana da wannan sauyi, irin wannan awo kuwa yana da tsada da wuyar samu a wurinmu.

Nan ne guntun tsokar Goggo yake da amfani. Manyan gwaje-gwajen nan a ƙasashen da suka fi mu kayan aiki aka yi su. In ba a rubuta namu ba, wa zai san irin ƙarin da ya fi damun mutanen Zuru, Yawuri ko Argungu, a wane shekaru yake kama su, da me ke jinkirta zuwansu asibiti? Da alƙaluma ake neman na'ura da ma'aikata daga gwamnati.

Ina ake zuwa daga nan?

Tiyatar ƙwaƙwalwa a Najeriya ta faro ne a Ibadan a 1962, a hannun Farfesa Latunde Odeku. A yankinmu, Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato yana da cibiyar tiyatar ƙwaƙwalwa da laka, wadda Farfesa Bello Bala Shehu, ɗan jihar Kebbi, ya yi ɗawainiyar kafawa. Akwai likitocin fannin a asibitin koyarwa na Shika a Zariya, da na Aminu Kano, da Asibitin Ƙasa a Abuja. A irin waɗannan wurare ake gudanar da binciken gaskiya, can ne kuma za ka tambaya ko akwai wanda ya dace da majinyacinka.

Daga Mahuta sai an bi ta Koko, a wuce Jega da Tambuwal kafin a isa Sakkwato. Tafiya ce mai cin kuɗi da ƙarfi, balle ga mara lafiya. Saboda haka mai shirin shiga bincike ya tambayi sau nawa zai riƙa dawowa, da wanda zai biya kuɗin mota.

Kafin ka sa hannu

Ga tambayoyin da na taya Baba yi, kowa ma yana da haƙƙin yin su:

Mene ne manufar binciken, su waye ke ɗaukar nauyinsa, wane kwamitin ɗa'a ya amince? Za a ba ni sabon magani ne, ko bayanai kawai za a ɗauka? In na ƙi, wace jinya zan samu? Waɗanne illoli aka sani, kuma wa zai biya in wani abu ya same ni? Wa zai ga sunana da bayanaina? Za a fitar da tsokar zuwa ƙasar waje? Wa zan kira da dare in jiki ya rikice?

Ka nemi a yi maka bayani da harshen da kake ji. A ƙasar Fakai da Zuru akwai tsofaffin da Fakanci ko Dakarci ya fi musu sauƙi a kan Hausa, balle Turanci. Wanda bai iya karatu ba, a karanta masa a gaban shaida kafin ya dangwala. Ka karɓi kwafinka, ka kwana da shawara. Kana da ikon ficewa ko bayan ka shiga. Ga mace baliga mai hankalinta, shawarar miji da 'ya'ya tana da muhimmanci, amma amincewar tata ce. Yaro kuwa sai da izinin iyaye, in ya yi wayo a ji ta bakinsa. Wanda kuma ya nemi kuɗi a WhatsApp ko Facebook don ya saka ka a wani gwaji a Indiya ko Masar, kai maganar gaban likitanka kafin ka tura ko sisi.

Alamomin da ba a jira da su

Duk wannan ba ya amfanar wanda bai iso da wuri ba. Ciwon kai da ke ƙaruwa mako bayan mako, musamman da asuba tare da amai, jijjiga ta farko ga babba, raguwar gani ko ganin abu biyu-biyu, sauyin hali, mutuwar ɓarin jiki a hankali: duk suna buƙatar likita. Ga jariri, girman kai fiye da kima. A ɓangaren laka, ciwon baya da ke hana barci, ƙafafu su yi nauyi ko su dinga sagewa, fitsari ko bayan gida ya ƙwace ko ya ƙi fita. Wannan na ƙarshe gaggawa ce ta ranar, domin lakar da ta daɗe a danne ba lalle ta farfaɗo ba. Tarin fuka na ƙashin baya ma yana kawo irin waɗannan alamomi, shi kuwa yana da magani, sai an yi hoto za a bambance. Addu'a da asibiti ba sa karo, a haɗa su tun farko.

Da muka koma ɗaki, likitar ta sake bayani da Hausa. Goggo ta saurara, ta ce: "Ta aikin zan dangwala. Ɗayar ku bar ta tukuna." Likitar ta ninke takardar ta ce: "Ba komai, Mama. Jibi za a yi miki aikinki yadda aka tsara."

Haka kuwa aka yi. Ƙarin ya kasance meninjiyoma, mai fitowa daga fatar da ta lulluɓe ƙwaƙwalwa, wanda ya fi kama mata, kuma galibinsa ba daji ba ne. Ciwon kai ya tafi, hankalinta ya dawo. Idon hagu ne bai dawo ba, jijiyarsa ta daɗe a danne.

Ranar da muka koma a duba ta, Goggo da kanta ta tambayi likitar ko takardar tana nan. Ta ce tunda ta ƙi ba a canza mata fuska ba, ta yarda mutanen kirki ne. Ta dangwala, Baba yana tsaye a matsayin shaida. Ta ce a rubuta har da shekara biyun da ta ɓata, ko wata ta zo da idonta biyu.