Kyautar Da Ta Dace Da Mai Ɗaukar Hoto

A wannan mako za mu duba irin kyautar da ta kamaci mai ɗaukar hoto, ko maigida ne, ko wa, ko ƙane. Sana'arsa a waje take. Yau yana wurin ɗaurin aure a Gwaram, gobe wurin suna, jibi ya raka baƙi Dutsen Habude ko Dutsen Mesa a Birnin Kudu, inda mutanen dā suka zana shanu a jikin dutse, zanen da masana suka fara nazari a shekarun 1950. Kyamarar nan ita ce jarinsa. In ta lalace, cefanen gida ya tsaya.

To uwargida, kafin ki kwance bakin zane, ki tuna abokan gabansa uku ne: ƙura, zafi da ruwa.

Ƙurar hunturu ta fi ɓarna. Rairayi ne mai laushi, in ya hau gilashin kyamara aka goge da bakin riga, sai ya karce shi, karcen kuwa ba ya gyaruwa. Saboda haka ki sayo masa ɗan famfon roba na hure ƙura, da ƙyalle mai laushi irin na goge tabarau. A fara hurewa, sannan a goge. Jaka mai zik da soso a ciki ita ma tana da amfani ƙwarai, musamman ga mai hawa babur.

Da bazara, zafi kan rage ƙwarin batir, ga wutar lantarki ba tabbas. Batir na biyu babbar kyauta ce, amma a nan ake asarar kuɗi. Na Canon ba ya shiga Nikon, har ma kyamarorin kamfani guda batirinsu kan bambanta. Lalle ki kwafi lambar da ke jikin tsohon batirin ki tafi da ita kanti. Haka kuma katin ajiye hotuna. Shi kansa mutumin kada a manta da shi: malafa mai faɗi da gorar ruwa.

Da damina, danshi kan sa fumfuna ta tsiro cikin gilashi. Ku 'yammata 'yan makaranta, ga taku ba ko kwabo. Ƙananan ƙunshin nan masu tsotse danshi da ake samu cikin kwalin sabon takalmi, ku tara su, ku ɗinka 'yar jaka a darasin ɗinki, ku ba yaya ya sa cikin jakar kyamara. Amma ku ɓoye su daga ƙananan yara, ba abin ci ba ne.

Daga ƙarshe, uwargida, ki riƙa sauraron abin da yake kuka da shi in ya dawo aiki. Nan za ki gane abin saye. Sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.