Daura: tsakanin rijiyar Kusugu da tutar Malam Isiyaku

Duk yaron da ya zauna ajin firamare a ƙasar Hausa ya san Daura tun kafin ya taka ta. Ya san akwai rijiya mai suna Kusugu, da macijiyar da ake kira Sarki wadda ta hana mutane ɗiban ruwa sai ranar Juma'a, da wani baƙo daga Bagadaza da ya sare mata kai cikin dare. Amma da za a tambayi yaron nan, ko ma malamin da ya koya masa, wane ne Malam Isiyaku, ko me ya kai gidan sarautar Daura Zango har kusan shekara 80, galibi sai a yi shiru. Wannan giɓi ne ya sa muka ga ya dace mu leƙa Daura, mu saurari labarin rijiyar yadda magabata suka bar mana shi, mu auna shi da ma'aunin da malamanmu suka koya mana, sa'annan mu waiwayi tarihin da ya sha wa gaba.

Daura tana arewa maso gabashin Jihar Katsina, dab da iyakar Jamhuriyar Nijar. Masarautarta a yau ta ƙunshi ƙananan hukumomi 5: Daura, Zango, Baure, Mai'aduwa da Sandamu. Idan aka kwatanta ta da Kano ko Katsina, ƙaramar masarauta ce. Girmanta na tsufa ne, domin Hausawa sun daɗe da sallama mata cewa ita ce tushe.

Ruwayar da ta fi shahara, wadda aka adana a Girgam, kundin tarihin sarakunan Daura, ta ce kafin zuwan baƙon mata ne ke mulkin ƙasar da sarautar Magajiya. Ta farkonsu Kufuru, mazauninsu kuwa Tsohon Birni, tafiya kaɗan arewa da garin yanzu. Ta 9 a jerinsu ita ce Daurama, wadda ta taso da gari zuwa inda yake, har ya ci sunanta. Shi kuwa Bayajidda, an ce ɗan sarkin Bagadaza ne da ya baro gida da rundunarsa ya sauka Borno, Mai na Borno ya aura masa 'yarsa Magira, daga baya zama ya yi tsami ya gudu da ita. Ya bar ta a Garun Gabas kusa da Haɗeja, inda ta haifi ɗan da ya sarauci Biram. Ya biya ta Gaya maƙera suka ƙera masa wuƙa, ya iso Daura da dare ya sauka gidan wata tsohuwa mai suna Ayana. Da ya nemi ruwa ta ce babu, sai Juma'a. Ya karɓi guga ya nufi Kusugu, macijiya ta taso, ya fille mata kai.

Da gari ya waye aka ce Daurama ta aiki Galadima ya gano, tsoro ya hana shi matsawa kusa. Kaura ne ya isa har bakin rijiya ya taɓa gawar, ya komo da tabbaci, kuma da wannan ake bayyana dalilin da ya sa jagorancin yaƙi ya zauna hannun Kaura. Baƙon ya auri sarauniya. Kuyangar da ta ba shi, Bagwariya, ta riga ta haihuwa, aka sa wa ɗan Karɓagari. Daurama ta haifi Bawo, 'ya'yan Bawo 6 suka sarauci Daura da Kano da Katsina da Zazzau da Gobir da Rano, aka haɗa da Biram suka cika Hausa Bakwai.

Labari ne mai daɗi, ba mu kuma ga laifin koya wa yara shi ba. Sai dai mu al'umma ce da ta gaji ilimin isnadi. Malaman hadisi ba su karɓi magana don daɗinta ba, sai sun tambayi wa ya faɗa, daga wa ya ji. Ibn Khaldun, wanda ya rasu a 1406, ya ƙara wani ma'auni a Muƙaddimarsa: a gwada labari da ɗabi'ar zaman mutane, a ga ko zai yiwu. Idan muka ɗora labarin Kusugu a kan waɗannan ma'aunai, abu na farko da ke ɗaukar hankali shi ne Juma'ar nan. Sunayen ranakun mako a Hausa, daga Lahadi har Asabar, na Larabci ne, tare da Musulunci suka shigo. To, yaya aka yi macijiyar garin da bai san salla ba ta san alfarmar Juma'a? A ganinmu, amsa mafi kusa ita ce bakin Musulmi ne ya ba labarin siffar da ya iso mana da ita.

Sauran alamomin ma can suka nufa. Bagadaza birni ne da Halifa Mansur ya gina a shekarar 762, ya zama cibiyar halifancin Abbasiyawa da ilimin duniyar Musulmi, don haka duk gidan sarautar da ya jingina asalinsa gare ta ya nemi wuri a sahun gaba. Mai karatun Alƙur'ani kuma, idan ya ji baƙon da ya gudo daga ƙasarsa ya iske mutanen da ruwa ya gagara, ya shayar da su, aka sāka masa da aure da masauki, dole ƙissar Annabi Musa (AS) a rijiyar Madyana, cikin Suratul Ƙasas, ta faɗo masa a rai. Ba muna daidaita wahayi da tatsuniya ba ne, Allah Ya tsare. Muna nuna inda kunnen mai ba da labari ya saba ne.

Maƙwabtanmu ma suna da irin nasu. Sarakunan Sefawa na Borno sun danganta kansu da Saifu ɗan Zi Yazan na Yaman. Abdurrahman Assa'adi, marubucin Tarikhus Sudan a Tambutu cikin ƙarni na 17, ya kawo labarin baƙo daga Yaman da ya kashe wani kifi da mutanen Kukiya ke bauta wa, Sangayawa suka naɗa shi sarki. Soninke na tsohuwar daular Gana suna da macijinsu Bida, sai dai a nasu labarin kashe shi fari ya jawo, ƙasa ta watse. A Daura kuwa kashe macijiya ruwa ya buɗe wa talaka. Wannan bambanci abin lura ne: mutanen Daura sun riƙe faɗuwar abin da ake tsoro a rijiya a matsayin rahama.

Wasu Turawa masu bincike, irin su H. R. Palmer da W. K. R. Hallam, sun yi ƙoƙarin gano Bayajidda a jikin Abu Yazid, Bahawarijen da ya yi wa Faɗimiyawa tawaye a Arewacin Afirka, wanda ake yi wa laƙabi da mai jaki. Suna ya yi kama, zamani ma ya yi kusa, tunda an kashe Abu Yazid a 947, Tarihin Kano kuma ya sa hawan Bagauda ɗan Bawo a wajen 999. Amma a Magrib Abu Yazid ya mutu a hannun abokan gabarsa, ba a bakin Kusugu ya ƙare ba. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello shi ma ya taɓo zancen a Infaƙul Maisur, kuma a ruwayar da ya kawo Bawo bawan sarkin Borno ne, babu zancen ɗan sarki daga Bagadaza. Mutum ɗaya, asali biyu, kowanne da irin bakin da ya fito. Farfesa Abdullahi Smith na Jami'ar Ahmadu Bello ya nuna tun 1970 cewa daulolin Hausa daga cikin gida suka tsiro, ƙauye ya zama gari, gari ya zama birni. Labarin da kansa bai musa ba, domin Bayajidda ya tarar da gari da sarauniya da Galadima da Kaura, ya kuma tarar da maƙera a Gaya.

Inda labarin ke da ƙaya shi ne zancen Banza Bakwai, wato ƙasashen da aka ce zuriyar Karɓagari ce, cikinsu har da Kabi da Zamfara da Yawuri da Nupe. Kabin da Kanta ya mayar daula mai ƙarfi a ƙarni na 16 ba ta cancanci wannan suna ba, kuma aya ta 13 ta Suratul Hujurat ta riga ta yanke mana hukunci a kan fifiko da dangantaka. Malamin da zai koyar da wannan sashe ya kamata ya faɗa wa yara cewa zancen fada ne na zamanin gasa tsakanin sarakuna.

Yanzu ga tarihin da ba ya bukatar a yi ta kirdado. Bayan hijirar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo zuwa Gudu a 1804, Malam Isiyaku ya karɓo tuta, ya ci Daura a 1805. Sarkin da ya tarar, Sarkin Gwari Abdu, ya fice da jama'arsa. Sunansa kaɗai ya isa ya nuna cewa fadar ta daɗe da Musulunci, kuma wannan ne ya sa yaƙe-yaƙen wancan zamani suka zama abin muhawara tsakanin malamai. Shehu Muhammadul Amin Alkanemi na Borno ya rubuto yana tambayar hujjar yaƙar masu salla, Muhammadu Bello ya ba shi amsa, ya kuma adana wasiƙun a littafinsa. Wanda yake son ya ga yadda malamai biyu ke saɓani da hujja, ya nemi wannan muhawara.

Daga nan Daura ta rabu uku. Birnin yana hannun zuriyar Malam Isiyaku ƙarƙashin Sakkwato. Tsohon gidan sarauta ya kafa Zango a wajen 1825, wani reshensa ya zauna Baure, dukansu suna jingine da Damagaram. Kowane ɗaya daga cikin ukun yana ganin shi ne Sarkin Daura na gaskiya, talakawan da ke tsakani kuwa su suka sha hare-haren. Haka aka yi ta yi har Turawa suka zo. A shekarun farko na mulkinsu, Ingilishi suka ɗauko Malam Musa daga Zango suka zaunar da shi a Daura, suka haɗe sassan da suka faɗo ɓangarensu. Ba a yi haka a sauran manyan biranen ba: zuriyar tsofaffin sarakunan Katsina suna Maraɗi har yau, na Zazzau suna Suleja. M. G. Smith ya bi diddigin wannan rabuwa da haɗuwa a littafinsa kan al'amuran Daura da aka buga a 1978.

Bayan Malam Musa, ɗansa Abdurrahman ya hau a 1911 ya yi shekara 55 a kan gado. Alhaji Muhammadu Bashar ya gaje shi a 1966 har rasuwarsa a 2007, aka naɗa Alhaji Umar Faruk Umar.

Mai ziyara a yau zai iske Kusugu cikin gini, da ruwanta, baƙi kan ja guga su kurɓa. Shan ruwan rijiya halal ne, kuma ganin kufan magabata abin wa'azi ne. Abin da za a kiyaye shi ne jingina mata waraka ko biyan bukata, domin babu nassin da ya ba ta wannan matsayi. A fada ana adana takobin da ake dangantawa da Bayajidda. Sarautar Magajiya tana nan, Hawan Magajiya na cikin bukukuwan salla, haka ma Sallar Gani da ake yi a watan Rabi'ul Awwal, lokacin Mauludi. Tun ranar 15 ga Yuli, 2025 garin ya ƙara wani wurin da ake zuwa, wato kabarin tsohon shugaban ƙasa Muhammadu Buhari, wanda aka binne a gidansa, Allah Ya jiƙansa. Wanda ya wuce Mai'aduwa kuwa zai tarar da shingen Kwangwalam, inda iyakar da Ingila da Faransa suka shata ta bar wani yanki na tsohuwar ƙasar Daura a cikin Nijar, ta wajen Magarya.